Leƙen Asiri a Bainar Jama'a: Yadda Ɗalibai Ke Cin Gasar Mutum-mutumi Daga Kan Benci

Duk wanda ya fara kallon gasar mutum-mutumi ta ɗaliban sakandare da ake kira FIRST Robotics Competition, kan fili idonsa ke sauka. Na'urori shida ne, kowacce na iya kai kilo 50 ko fiye, suna tsere suna bangazar juna, uku da jan bamba, uku da shuɗi. Amma in ya ɗaga kai ya dubi benci, zai ga wasu yara shida a jere, ba tafi ba sowa. Kowanne ya kafa wa na'ura ɗaya ido, yana danna kwamfutar hannu ko yana ja da biro a takarda. Da an busa tashi sai su miƙa abin da suka rubuta, su gyara zama, su jira wasa na gaba. Haka za su wuni. A ganina, rabin gasar a hannun waɗannan yaran yake, kuma su ne aka fi mantawa da su in ana ba da labari.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Dean Kamen ne ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989, sannan shi da Farfesa Woodie Flowers na jami'ar MIT suka tsara gasar. An yi ta farko a 1992, a ɗakin wasannin wata makarantar sakandare da ke Manchester a jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28. Yau ƙungiyoyin sun haura 3,000, daga Amurka da Kanada har Turkiyya, Isra'ila, Meziko, Birazil da Ostareliya. A farkon Janairun kowace shekara ake bayyana sabon wasa da sababbin dokoki, ɗalibai su ƙera sabuwar na'ura cikin 'yan makonni. A watan Afrilu kuma a haɗu a birnin Houston domin gasar duniya, inda ake raba ƙungiyoyi kusan 600 zuwa rukuni takwas.

Abin da ya sa leƙen asiri ya zama dole shi ne tsarin ƙawance. Tun 1999 ba a barin ƙungiya ta shiga fili ita kaɗai, kuma daga 2005 ake yin uku da uku. A wasannin share fage kwamfuta ce ke haɗa ƙawancen, ba wanda ke zaɓar abokinsa. Wanda kuka yi wasa tare da hantsi, shi za ka tarar a ɗaya gefen da azahar. Kowace ƙungiya kan buga wasa goma zuwa goma sha biyu, ana tara mata makin matsayi: a shekarun baya biyu in an ci wasa, ɗaya in an yi kunnen doki, a 2025 aka mayar da na nasara uku, ga kuma ƙarin maki in ƙawancen ya cika wasu sharuɗɗa na musamman. Daga nan ƙungiyoyi takwas da ke saman tebur su zama kyaftin, kowacce ta zaɓi abokai biyu da za ta shiga zagayen fitar da gwani da su.

To a nan gizo ke saƙar. Makin da ke kan tebur na ƙawance ne gaba ɗaya. Na'ura mai rauni na iya dacewa da jadawali mai kyau, manya su yi ta ɗaukar ta har ta tsinci kanta a ta shida. Wata kuma gwana ce, amma sau uku ana haɗa ta da abokan da batirinsu ya mutu a tsakiyar fili, sai ka gan ta a ta ashirin da biyar. Kyaftin ɗin da ya dogara da tebur kawai zai ɗauki ta farko ya bar ta biyu, ya kuma ga sakamakonsa da rana tsaka.

Aikin leƙen asirin iri biyu ne. Na farko zagayen rumfuna. Kowace ƙungiya tana da 'yar rumfarta inda take gyara, sai a tura ɗalibai biyu su bi su ɗaya bayan ɗaya, su ɗauki hoton na'ura, su duba irin ƙafafunta, su tambayi nauyinta da shirye-shiryen da aka ɗora mata. Wannan yana da amfani ga abin da ido ke iya tabbatarwa. Misali, ana so a san ko ƙafafun irin na tankar yaƙi ne, masu ƙarfin turi amma sai sun juya kafin su sauya hanya, ko kuwa irin waɗanda kowace taya ke juyawa da kanta, na'ura ta tafi gefe ko baya ba tare da ta juya fuska ba. Ana duba wayoyin wuta, a ga a ɗaure suke tsaf ko a warwatse, domin na'urar da wayoyinta ke lilo ita ce za ta mace in aka bangaje ta. Amma tambaya irin ta "ƙwallo nawa kuke jefawa a wasa?" ɓata lokaci ce. Ba wai yaran ƙarya suke yi ba. Yaron da ya kwana shida bai yi barcin kirki ba a kan na'urarsa, abin da ta yi ranar da ta fi kyau a makaranta shi zai faɗa maka, da zuciya ɗaya kuwa. Gani ya kori ji.

Shi ya sa na biyun ya fi nauyi, wato kallon wasa. Wasa minti biyu da rabi ne a mafi yawan shekarun nan. Daƙiƙa 15 na farko na'ura ce ke sarrafa kanta da abin da aka rubuta mata, direbobi na tsaye a bayan layi ba sa taɓa komai. Sauran lokacin direbobi su karɓa, a ƙarshe kuma akwai wani aiki na musamman, galibi hawa wani abu ko rataya a jikin sarƙa ko ƙarfe. Mai kallo ɗaya, na'ura ɗaya. Yana rubuta inda ta tsaya kafin farawa, abin da ta ci a lokacin sarrafa kai, sau nawa ta ɗauko ta jefa, nawa suka shiga nawa suka zube, ta hau ko ta kasa, ta yi laifi, ta mace, ta kife.

Abin da aka fi bibiya shi ne tsawon zagaye, wato daga ɗauko abu zuwa jefa shi zuwa dawowa. Lissafin ba wuya. A wasa mai minti biyu da rabi, direbobi na da daƙiƙa 135, a cire kamar 20 na hawa, saura 115. Na'urar da ke zagaye cikin daƙiƙa 12 za ta yi tara, mai yin 16 za ta yi bakwai. Daƙiƙa huɗu ba a ganin su da ido daga benci in ba ana ƙirgawa ba, amma su ne zagaye biyu a kowane wasa.

Aikin akwai gajiya, kuma gajiya ce babbar mai ɓata bayanai. Yaro ya kalli wasa talatin a jere, dole ya fara bin lambar da ba tasa ba, ko ya shagala da na'urar makarantarsu. Ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi suna sauya masu kallo bayan 'yan wasanni, suna kuma tara abin da mutum uku suka rubuta su gwada shi da makin da alƙalai suka fitar. In an sami tazara mai yawa, a koma ga bidiyo. Akwai kuma kuskuren da manya ke jawowa: a cika takarda da tambaya arba'in, alhali biyar ake amfani da su wajen yanke shawara. Duk tambayar da aka ƙara, an rage wa yaro idon da zai sa a kan mai muhimmanci. Wani abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda ake kwashe bayanan. Doka ta hana ƙungiyoyi kunna nasu Wi-Fi a zauren gasa don kada ya dagula sadarwar na'urorin da ke fili, sai ɗalibai suka koma mayar da bayanan kowane wasa lambar QR a fuskar kwamfutar hannu, wani ya bi da kyamara yana ɗauka.

Wani zai ce, ai duk wannan wahalar an hutar da mutane, tunda akwai shafuka irin su The Blue Alliance da Statbotics masu fitar da alƙaluman kowace ƙungiya kyauta. Gaskiya ne akwai su, suna kuma da amfani ƙwarai, musamman ga ƙaramar ƙungiya da ba ta da yara shida da za ta zaunar. Mafi shahara a cikin alƙaluman shi ne OPR, kuma dabararsa aljabara ce irin ta sakandare da aka faɗaɗa. Kowane wasa yana ba da jimla biyu: wane da wane da wane sun ci kaza, waɗancan ukun sun ci kaza. A gasa mai ƙungiya 40, kowacce da wasa 12, za a yi wasa 80, a sami jimla 160 a kan abubuwa 40 da ba a sani ba. Kwamfuta ta nemo lambar da in aka ba kowace ƙungiya, kuskuren jimlolin zai fi ƙanƙanta. Wannan lambar ce ake cewa gudummawar ƙungiya. Statbotics kuma nasa ma'aunin EPA, yana hawa yana sauka bayan kowane wasa gwargwadon yadda sakamako ya zarce ko ya gaza abin da aka yi tsammani.

Sai dai OPR ya ginu ne a kan zaton cewa makin ƙawance tarawa ne kawai, naka da nawa da nasa. Wasannin da yawa ba haka suke ba, kuma na 2024 mai suna Crescendo ya nuna hakan ƙarara. Abin wasan zobe ne na soso. In ka jefa shi a babban rami mai tsayi, maki biyu. In ka saka shi a ƙaramin rami na gefe, maki ɗaya tak. Amma in ƙawance ya saka biyu a ƙaramin, ɗan wasansu na gefen fili zai iya danna maɓalli, na tsawon daƙiƙa 10 duk zoben da ya shiga babban rami ya zama maki biyar. Ɗauki zobe shida. A jefa su duka a babba, 12 ke nan. A saka biyu a ƙarami, a danna, a jefa huɗu a babba cikin lokacin, an sami 22. Zoben bai ƙaru ba, na'urorin ba su sauya ba, tsari ne kawai ya kusa ninka makin.

Da kakar ta yi nisa sai ƙawance masu wayo suka gano wani abu kuma. Maimakon na'urori uku su riƙa ratsa fili mai tsawon mita 16 suna gware da juna, sai ɗaya ta tsaya can wajen tsakiya, tana karɓo zobe tana cillo shi kusa da ramukan su, sauran biyun suna tsinta suna jefawa. Wannan mai cillowa, in takardarka "nawa ta ci" kawai take tambaya, sifili za ka rubuta mata. Alhali ita ce ke ciyar da sauran. Haka ma na'urar da aka sa tare hanya: ta rage wa abokan hamayya zagaye uku, amma ba allon da zai nuna sunanta. Irin waɗannan sai idon mutum, kuma sai mutumin da ya fahimci wasan. Saboda haka ƙungiyoyi da yawa ke ware ɗalibi ɗaya ko biyu masu gogewa, ba sa ƙirga komai, aikinsu su kalli yadda direba ke tuƙi, ko yana kauce wa cunkoso, ko yana rikicewa in an matsa masa, ko yana bin abin da aka shirya.

Bayanan nan wurin aikinsu na farko shi ne 'yan mintocin da ke gaban kowane wasa. Kocin ƙungiya da direbobinsa su nemi abokan ƙawancensu, a tsaya a kan allo mai zanen fili. Abu na farko da ake warwarewa shi ne lokacin sarrafa kai, domin na'ura ba ta san akwai 'yar'uwarta a gefe ba. In biyu suka nufi zobe ɗaya, karo za su yi, a yi asarar duka. Sai a raba hanya: kai bi ta nan, ni ta can, wane ya tsaya ya ci nasa ɗaya ya kauce. Sannan a yanke wa zai fara hawa da kuma a daƙiƙa ta nawa za a bar jifa a nufi hawan. A wasan 2023 mai suna Charged Up akwai wani dandali mai lilo da na'urori ke hawa su daidaita shi. In ya daidaita, kowacce maki 10, in ya karkata, shida. Sau da yawa na'ura ta uku ce ke zuwa a makare ta karkatar da shi a daƙiƙar ƙarshe. Biyu a daidaice 20 ne, uku a karkace 18. Kocin da ke da bayanin cewa abokinsa ya gwada hawa sau biyar ya kasa sau huɗu, ya san abin da zai roƙe shi.

Roƙon nan ma fasaha ce. Kana magana ne da yaran da suka sha wahala a kan na'urarsu, kuma kana so ka ce musu yau kada su yi jifa, su je su tare hanya. In ka zo da gadara, za su ce to, su shiga fili su yi abin da suka ga dama. In ka nuna musu alƙaluma, ka ce ga abin da muka gani a wasanninku huɗu, ga na abokan hamayya, ga inda za ku fi yi mana amfani, yawanci sukan yarda. Woodie Flowers, wanda ya rasu a 2019, ya yi ta nanata cewa a yi gasa da iyakar ƙarfi amma da mutunta abokin karawa, kuma a nan ne na ga maganar tasa ta fi aiki. Wajibi ne kai ma ka faɗi gaskiya a kan taka na'urar. Wanda ya ce zai hau alhali ya san ƙugiyarsa ta lanƙwashe, ya ci amanar mutum biyu, kuma masu kallo sun rubuta.

Wani lokaci ma cin wasan ba shi ne kawai abin nema ba. In bayanai sun nuna abokan hamayya sun fi ku nesa ba kusa ba, hankali shi ne a bar batun tare su, a tattara ƙarfi a kan sharaɗin da ke ba da ƙarin makin matsayi, a fita da ɗaya maimakon hannu rabbana.

Akwai shekarun da wasan kansa ya mayar da leƙen asiri makami kai tsaye. A 2016, wasan Stronghold, kowane ɓangare na da ganuwa mai shinge biyar da sai an ƙetare su: akwai gwalalo, akwai katangar dutse, akwai ƙofar da ake ɗagawa sama, akwai gadar da ake saukewa. Uku daga cikin biyar ɗin, ƙawance ne ke zaɓar waɗanda abokan hamayyarsa za su fuskanta. Wanda ya san cewa na'urorin can uku ba mai iya ɗaga ƙofa, ya gama rabin aikinsa tun kafin a busa. A 2018 kuma, wasan Power Up, sai an fara wasa kwamfutar fili ke sanar da wane gefen sikeli ne naka, don haka dole a san wace na'ura ce ke da shirin kowane gefe. A shekarar ce ƙungiya mai lamba 254 ta birnin San Jose a California ta buga wasa 53 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, har ta ɗauki kofin duniya.

Daren da ke gaban zaɓen ƙawance, bayan an tashi daga zaure, masu nazari kan taru a ɗakin otal ko a aji, a baje alƙaluma, a yi ta gardama har dare ya raba. Abin da ake so a fitar jeri ne na ƙungiyoyi aƙalla 23, daga wadda aka fi so zuwa ƙasa, da wani ɗan jeri na waɗanda ba za a ɗauka ba ko ta halin ƙaƙa, saboda yawan macewa ko yawan jawo laifi. Ko ƙungiyar da ba ta sa ran zama kyaftin tana bukatar jerinta, domin in na farko ya ɗauke ta, da ita za a yi shawarar zaɓi na biyu. Ga shi kuma kyaftin na iya ɗaukar kyaftin ɗan'uwansa, sai na ƙasa su matso sama, ta tara ko ta goma ta wayi gari ita ma tana zaɓe.

Tsarin zaɓen tafiyar maciji ce: a zagayen farko daga na ɗaya zuwa na takwas, a na biyu daga na takwas a dawo na ɗaya. Ma'ana na takwas zai zaɓa sau biyu a jere, na ɗaya kuma shi ke fara zaɓa, shi ke rufewa. Zaɓin farko ba ya ba da wahala sosai, kowa a zauren ya san na'urori biyar da suka fi. Na biyun ne ke raba masu nazari da masu kallo. Kyaftin na ɗaya zai ɗauki na'ura ta 24 da za ta shiga zagayen, bayan an tsince duk waɗanda suka yi suna. A nan ba gwanar jifa ake nema ba, tunda akwai biyu. Ana neman wadda ba ta taɓa macewa ba, wadda shirinta na sarrafa kai ba zai shiga hanyar manyan ba, mai ƙarfin turi, mai direba natsattse, mai hawa kullum ko da hawan ƙasa-ƙasa ne. Sau da yawa tana can ta talatin a tebur, ba wanda ya lura da ita sai yaron da ya rubuta wasanninta goma sha biyu.

Akwai wata doka mai kaifi a zaɓen. Ƙungiyar da aka gayyata ta ƙi, ba wanda zai sake iya ɗaukar ta, sai dai in tana cikin takwas ta kafa nata ƙawancen. Wasu kan ƙi don suna ganin za su haɗa abin da ya fi. Wasu kyaftin kuma, musamman wanda jadawali ya kai shi sama ba ƙarfin na'ura ba, kan bi manyan ɗaya bayan ɗaya yana gayyata, ya san za su ƙi, don kawai ya hana su haɗuwa da juna. Doka ba ta hana ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. Wanda ya zo na ɗaya ya sami damar da dokar ta ba shi, masu ƙi kuma sun san abin da ke biyo baya.

Daga 2023 aka sauya zagayen fitar da gwani, sai an doke ƙawance sau biyu yake fita, wasan ƙarshe kuma wanda ya fara cin biyu cikin uku. Wannan ya ƙara wa masu nazari aiki, domin kana iya sake haɗuwa da wanda ya doke ka bayan awa ɗaya, kuma tsakanin nan dole a gano me ya faru: wace na'urarsu ce ta fi cutar da ku, ta ina take bi, in aka tsaya mata a mashigi za ta rikice ko za ta zagaye.

Wannan ba labarin nesa ba ne gaba ɗaya. Najeriya na tura tawaga gasar FIRST Global, wadda aka fara a Washington a 2017, kuma gidauniyar Coderina na shirya ƙannen FIRST Robotics Competition a cikin gida, wato FIRST LEGO League da FIRST Tech Challenge. A FIRST Tech Challenge biyu da biyu ake yi a ƙaramin fili, da daƙiƙa 30 na sarrafa kai, kuma akwai zaɓen ƙawance kamar na babbar. Makarantar da ba ta da kuɗin sayen injina masu tsada ba za ta ƙera na'urar da ta fi ta kowa ba, amma na'urori huɗu ne a fili, don haka ɗalibai huɗu da biro da takarda mai tambaya biyar sun isa su rubuta kowane wasa daga na farko har na ƙarshe.